Gidan da Ba Ya Zanuwa: Daga Zaure Zuwa Falo

Mu da muka tashi a ƙauyukan da ke tsakanin Ɗambatta da Makoɗa, ba a koya mana zanen gida ba, amma ko cikin duhu mun san hanyarsa. Mutum zai yi sallama a zaure, ya ratsa ƙofar gida inda samari ke da ɗakunansu, ya bi ta shigifa, sannan ya faɗa tsakar gida: ga turakar maigida, ga ɗakunan mata, ga murhu, rumbuna da turken awaki, can kusurwa kuma makewayi. Shi ya sa da muka zauna da takarda da biro muna son fitar da taswirar gidan Alhaji Badamasi na shirin barkwancin Gidan Badamasi, wanda Falalu Ɗorayi ya ba da umarni kuma Arewa24 ta fara nunawa a 2019, muka ɗauka aikin yini guda ne. Sai ga shi mun tara wurare, mun rasa hanyoyin da suka haɗa su.

A Amurka wannan wasa ya daɗe. Tun daga I Love Lucy a 1951, ana gina ɗakunan shirin barkwanci ne a cikin sutudiyo, bango uku, gefe na huɗu na kyamarori da 'yan kallo. Saboda ɗakin ba ya canzawa, masoyan shiri irin Friends, da aka nuna daga 1994 zuwa 2004, suna iya ƙirga ƙofofi su zana gidan. Namu tarihin daban ne. Masu shirya fim a Kano sun fi aron gida ko haya, don haka ana iya ɗaukar falo a unguwa guda, ɗaki a wata. Amma wannan rabin bayanin ne kawai.

Sauran rabin yana cikin tarihin gidan Bahaushe. A wannan yanki namu mutane sun yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan. Michael Mortimore da J. Wilson sun rubuta a 1965 yadda ake noma gonakin kewayen Kano kowace shekara ba hutu, da taimakon taki. Inda taki ke da wannan daraja, gida ba wurin kwana ba ne kawai. Tokar murhu, kashin awaki da sharar tsakar gida duk jaki zai kwashe su zuwa gona kafin damina. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, lokacin tana karkara a bayan ganuwa, ta tarar da manyan gidaje inda magidanta da yawa ke zaune, kowa da sashensa, zaure ɗaya ya haɗa su. Irin wannan gida ba a zana shi kafin a gina. Ɗa ya yi aure, a ja danga a fitar masa da sashe; uba ya rasu, a raba gado, wani ya fasa sabuwar ƙofa. Wanda ya iya karanta katanga zai gane wa ya haifi wa, da wa ya yi fushi da wa.

Abin da ke riƙe da tsarin kuwa shi ne izini. Kowace ƙofa tambaya ce: kai wane ne a gidan nan? Baƙo ya tsaya a zaure, ɗan'uwa ya wuce, yaro ya shiga ko'ina. Ƙofofin ma ba a jera su a saiti, don kada idon mai wucewa ya kai ciki.

Talabijin ce ta fara tsallake wannan tambaya. An buɗe ta a Kaduna a 1962, gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a Kano a farkon shekarun 1980, tashar da yanzu ke ɗauke da sunansa. Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi ya kai mu bariki, wurin da dama ba shi da zaure. Da finafinan bidiyo suka zo, daga Turmin Danya a 1990, sai kyamara ta zauna daram a tsakar gida da ɗakin mace, ba sallama. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu a kan yadda fito da wannan ɓoyayyen sashe fili ya zama ɗaya daga tushen rigimar masu fim da masu sukarsu, a shekarun da aka kafa hukumar tace finafinai ta Jihar Kano a 2001.

A nan muka gane dalilin da zanenmu ya ƙi haɗuwa. Mai tace hoto yana yanke tafiya, domin ba dariya a cikinta: yanzu mutum yana bakin get, yanzu yana falo. Alhali a gidan da muka sani, tafiyar nan ita ce gidan.

Da a allo kawai abin ya tsaya, da ba komai. Amma duba sababbin gidajen bulo da kwano da ake yi a bakin titin Ɗambatta ko Bichi. Fili ya yi tsada, gado ya tsattsage gonaki, mai gini yana lissafin kowane buhun siminti. Abin da ake fara sokewa shi ne zaure, a sa get da falo, ko a mai da gaban gidan shago. Ba mu ce talabijin ce ta jawo ba, amma ita ta saba mana da ganin gidan mai rufin asiri a haka. Da zauren kuwa ake rasa wurin karatun allo, wurin saukar baƙo, wurin sulhu da zaman makoki.

Mun ajiye zanen gidan Badamasi ba mu gama ba. A bayan takardar muka fara zana gidan kakanninmu, tun da sauran tsofaffin da za su nuna mana inda rumbu yake kafin a rushe shi.