Majami'ar Yahudawa: Yadda Jama'arta Take Zaman Tare

Mai karanta Sabon Alkawari ba ya yin nisa sai ya ci karo da majami'a. A cikinta Yesu ya yi karatu a Nazarat (Luka 4:16-21), a cikinta ya warkar da mai shanyayyen hannu (Markus 3:1-5), kuma can Bulus yakan fara zuwa in ya sauka a gari (Ayyukan Manzanni 17:1-2). Da yake mu ma mukan kira ɗakin sujadarmu majami'a, da sauƙi mutum ya ɗauka wuri ne da ake buɗewa sau ɗaya a mako. A wurin Yahudawa kuwa, majami'a ita ce ɗakin addu'a, ita ce makarantar yara, asusun matalauta, masaukin baƙi, da wurin yanke shari'a. Da waɗannan ayyuka ne ta riƙe jama'ar da take warwatse a ƙasashen duniya sama da shekara dubu biyu.

Suna da asali

Kalmar Helenanci da aka fassara majami'a ita ce sunagoge, ma'anarta taro. Da Ibrananci ana cewa bet keneset, wato gidan taro. Tun daga sunan, mutanen ne a gaba, gini yana biye.

Tsohon Alkawari bai ba da umarnin gina majami'a ba. Haikali ɗaya ne, a Urushalima, kuma can kaɗai firistoci suke miƙa hadaya. Masana da yawa suna ganin al'adar taruwa domin jin Maganar Allah ta yi ƙarfi ne bayan Babila ta rushe Haikali a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. A zaman bauta, dattawa sukan taru a gidan Ezekiyel (Ezekiyel 8:1), bayan komowa kuma Ezra ya karanta Attaura a gaban jama'a, Lawiyawa suna bayyana ma'anarta (Nehemiya 8).

Shaida mafi tsufa da aka samu a rubuce daga Masar take, inda aka tono duwatsu na ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu masu ambaton gidajen addu'a na Yahudawa. A Urushalima kuma, a 1913, an tono wani dutse da wani firist mai suna Tiyodotus ya sa aka rubuta. Ya ce ya gina majami'ar domin karatun Attaura da koyar da dokoki, ya kuma haɗa da ɗakunan kwana da wurin ruwa saboda baƙi masu zuwa daga nesa. Da Romawa suka rushe Haikali na biyu a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, hadaya ta tsaya, amma majami'u suka ci gaba, gama aikinsu bai dogara ga bagade ko firist ba.

Mutum goma

Ƙa'idar da ta fi kowace tasiri ga zaman jama'a ita ce ta minyan. Mishna, littafin dokokin da malaman Yahudawa suka tattara wajen shekara ta 200, ta ƙayyade cewa karatun Attaura a bainar jama'a da waɗansu addu'o'i ba sa yiwuwa sai da mutum goma. A al'adar da, maza ne waɗanda suka cika shekara 13. A yau majami'u masu riƙon gargajiya suna nan a kan haka, waɗansu ɗariku kuma, musamman a Amurka, suna ƙirga mata.

Wannan ƙa'ida ba ta duba ilimi ko dukiya. Manyan malamai tara ba su cika minyan ba, amma manoma goma sun cika. Saboda haka kowa yana da amfani, kuma in mutum ɗaya bai zo ba, nan da nan za a sani, a aika a dubo shi. Goman nan suna iya taruwa a ɗaki, ko a inuwar itace, ko a bakin rafi.

Ciki da masu hidima

Majami'un zamanin Yesu da aka tono a Gamla da Magadala ɗakuna ne masu dakalin dutse kewaye da bango, mutane suna zaune suna duban juna, mai karatu yana tsakiya. Daga baya aka saba fuskantar Urushalima, kamar yadda Daniyel ya yi (Daniyel 6:10). A majami'ar yau za ka ga akwati a bangon gaba inda ake ajiye naɗaɗɗun littattafan Attaura, waɗanda ake rubutawa da hannu a kan fata, da dandamalin karatu, da fitila wadda ba a barinta ta mutu.

Dattawan gari ne suke riƙe da al'amuran jama'a. Su ne suka roƙi Yesu saboda jarumin Roma da ya gina musu majami'a a Kafarnahum (Luka 7:3-5). Shugaban majami'a, irin su Yayirus (Markus 5:22) da Kirisbus na Koranti (Ayyukan Manzanni 18:8), shi yake tsara sujada, ya zaɓi mai karatu da mai jawabi. Ƙarƙashinsa akwai hazzan, mai hidima, wanda yake fito da littafi ya mayar (Luka 4:20). Malami mai albashi da yake jagorantar majami'a, wato rabbi kamar yadda aka san shi yau, abu ne da ya zo ƙarnuka daga baya. Mata ma suna halarta (Luka 13:10-17), har wani rubutun dutse daga Simirna ya kira wata mace mai suna Rufina shugabar majami'a.

Asabar da sauran mako

Asabar tana farawa daga faɗuwar rana ran Jumma'a, ta ƙare da fitowar taurari ran Asabar. Da safe ake babban taro. Ana furta shaidar kaɗaitakar Allah da take cikin Maimaitawar Shari'a 6:4-9, a yi addu'a a tsaye, sa'an nan a fito da Attaura. Ana kiran mutum bakwai daga cikin jama'a, ɗaya bayan ɗaya, zuwa wurin karatu. An raba littattafan Musa biyar kashi 54 domin a sauke su cikin shekara. Bayan Attaura sai karatu daga annabawa, sai jawabi. Wannan tsari ne Bulus ya tarar a Antakiya ta Bisidiya, inda bayan karatu shugabanni suka ba shi dama ya yi magana (Ayyukan Manzanni 13:14-16).

Da yake talakawa da yawa Aramiyanci suke ji, akan sa tafinta kusa da mai karatu. Mishna ta ce a Attaura aya ɗaya za a karanta a tsaya tafinta ya fassara, kada ya yi kuskure, a annabawa kuwa ana iya haɗa uku. Duk wanda ya taɓa fassara wa baƙon mai wa'azi ya san dalilin wannan doka.

Ana kuma karanta Attaura ran Litinin da Alhamis, mutum uku kowace rana. A ƙasar Isra'ila ta da, waɗannan ranakun kasuwa ne, lokacin da mutanen ƙauye suke shigowa gari. Da haka wanda ƙauyensa bai kai mutum goma ba yakan ji Maganar Allah ranar da ya kawo kayansa kasuwa.

Asusun matalauta

Mishna ta ambaci hanyoyi biyu na taimako. Akwai kuffa, asusun da ake rabawa mako mako ga matalautan gari, akwai kuma tamhui, akushin abinci da ake tarawa kowace rana domin duk mai jin yunwa, har baƙo mai wucewa. Wanda yake da abincin cin sau biyu ba zai ɗiba daga akushi ba, wanda kuma yake da na cin sau 14, wato na mako guda, ba zai karɓa daga asusu ba. Mutum biyu ne suke karɓar kuɗin, mutum uku suke rabawa. Ba a barin mutum ɗaya da kuɗin jama'a, kome amincinsa, domin a kare asusun, a kuma kare sunansa daga zargi.

An ga yadda wannan ya yi aiki a zahiri daga majami'ar Ben Ezra a tsohon birnin Alkahira. Yahudawa ba sa yar da takardar da take ɗauke da sunan Allah, sai su tara ta a wani ɗaki. A 1897 aka kwashi guntayen takardu wajen 193,000 daga ɗakin wannan majami'a zuwa jami'ar Kambirij a Ingila. A cikinsu akwai jerin sunayen gwauraye, marayu, makafi da baƙi waɗanda ake raba wa burodi sau biyu a mako, da wasiƙun neman gudummawa domin fanso waɗanda aka kama. Musa ɗan Maimun, babban malamin da ya zauna a wannan birni ya rasu a 1204, ya jera sadaka hawa takwas. Mafi girma a wurinsa shi ne a ba mutum rance, ko jari, ko aikin yi, har ya daina bukatar taimako.

Makaranta da horo

Talmud ta yabi wani babban firist, Yoshuwa ɗan Gamla, cewa shi ya sa aka naɗa malamai a kowane gari, a riƙa kai yara tun suna shekara 6 ko 7. Ta kuma ce malami ɗaya kada ya wuce yara 25 ba tare da mataimaki ba. Sau da yawa a majami'a ake wannan karatu. Tun da za a kira kowane namiji zuwa wurin Attaura, dole kowane yaro ya koyi karatu, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka.

Majami'a tana da ikon horo. Bulus ya ce sau biyar aka yi masa bulala 39 (2 Korantiyawa 11:24). Hukuncin da aka fi tsoro shi ne kora, gama wanda aka fitar ya rasa makaranta, da asusu, da masu binne shi. Wannan ya sa iyayen makahon da Yesu ya warkar suka ji tsoron amsa tambaya (Yahaya 9:22).

Daga haihuwa zuwa kabari

Ana yi wa ɗa namiji kaciya a rana ta takwas, a raɗa masa suna a gaban jama'a. In ya cika shekara 13 sai a kira shi wurin Attaura karo na farko, ya shiga lissafin goma. Albarkun aure bakwai ma sai da mutum goma. In an yi rasuwa, akwai ƙungiyar 'yan sa kai masu wanke gawa su binne, mai kuɗi da talaka da likkafani iri ɗaya. Iyali sukan yi zaman makoki kwana bakwai, kuma da yake addu'ar masu makoki tana bukatar goma, jama'a ce take zuwa gidan safe da yamma. A idin Furim kuma wajibi ne a aika wa maƙwabta abinci, a ba matalauta kyauta (Esta 9:22).

Majami'u a ƙasashen da suke kusa da mu

A Tamantit, cikin yankin Tuwat na Aljeriya ta yau, zangon fatake masu ratsa Sahara, Yahudawa 'yan kasuwa sun daɗe da majami'arsu. Wajen 1492 malamin nan Muhammad al-Maghili ya ba da fatawar rushe ta. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda ba, amma aka rushe ta, jama'ar ta watse. Daga nan ne al-Maghili ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Wajen 1860 wani malami ɗan kasuwa daga Maroko, Mordekai Abi Serur, ya zauna a Timbuktu, ya yi ta kawo danginsa har suka cika minyan. A Nijeriya ta yau akwai majami'u a tsakanin Ibo masu bin addinin Yahudanci, ɗaya daga cikin sanannu ita ce ta Gihon da take Jikwoyi a Abuja.

Abin da ikkilisiya ta gada

Masu bi na farko a majami'a suka tashi, da tsarinta kuma suka fita. Karatun Littafi a bainar jama'a tare da gargaɗi (1 Timoti 4:13), naɗa dattawa, da rabon abinci na kowace rana ga gwauraye wanda aka danƙa wa mutum bakwai (Ayyukan Manzanni 6:1-6), duk suna da kama da abin da aka saba a can. Yakubu ma da kalmar sunagoge ya kira taron masu bi (Yakubu 2:2). Bambancin da yake tsakani shi ne batun Yesu kansa, wanda kuma ya yi alkawarin kasancewa ko da mutum biyu ko uku ne suka taru cikin sunansa (Matiyu 18:20).

Ikkilisiyoyin ƙauye a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, inda masu bi ba su da yawa, ma'aikaci ɗaya kuma yakan zagaya wurare da dama, suna iya auna kansu da wannan tsari. In fasto bai zo ba, mutum nawa ne za su iya tashi su yi karatu? Mutum nawa suke ƙirga baiko, mutum nawa suke yanke shawarar rabo? In wani bai zo sujada makonni biyu ba, wa yake zuwa dubo shi? Waɗannan tambayoyi ne da dattawa za su iya amsawa a zamansu na gaba, ba tare da jiran kuɗi ko sabon gini ba.