Nasta'aliƙ, Rubutun da Ya Daɗe Yana Gagarar Injin Ɗab'i

Duk wanda ya taɓa riƙe jaridar Urdu a kantunan 'yan Pakistan da ke Jidda ko Landan ya ga wani irin rubutu mai kama da na Larabci, amma kalmominsa ba su zauna bisa layi ɗaya ba. Kowace kalma takan faro daga sama ta dama, ta gangaro zuwa hagu, ga jan alƙalami siriri a nan, mai kauri a can, ga ƙarshen baƙaƙe masu zurfi kamar ƙoƙo. Wannan shi ne nasta'aliƙ, sunan da aka haɗo daga naskh da ta'aliƙ, watau "ratayayye".

A ƙasar Farisa aka ƙago shi cikin ƙarni na 14, ana kuwa danganta daidaita ƙa'idojinsa ga Mir Ali Tabrizi. Gwaninsa mafi shahara shi ne Mir Imad, wanda aka kashe a Isfahan a 1615. Waƙoƙi da takardun fada aka fi rubutawa da shi, shi kuwa Alƙur'ani akasari aka bar wa naskh. Sarakunan Mogul suka yaɗa shi a Indiya, har ya zama rubutun Urdu.

To, da injin ɗab'i ya zo sai aka sami matsala. Baƙaƙen dalma a jere suke zama, kafaɗa da kafaɗa, alhali a nasta'aliƙ siffar harafi da tsayin mazauninsa sun dogara ga maƙwabtansa. Saboda haka aka koma ga ɗab'in dutse, wanda ya shiga Indiya cikin shekarun 1820: katibi ya rubuta shafi da hannunsa, a ɗauki zanen a buga. Dabarar ta yi kama da yadda aka riƙa buga littattafan ajami a Kano daga rubutun hannu. Fiye da shekara 150, kowace jarida tana da ɗakin katibai masu kwana suna rubuta labaran gobe.

A 1981 Ahmad Mirza Jamil na Karachi ya warware ƙullin. Maimakon harafi ɗai-ɗai, sai ya zana gaɓoɓin kalmomi a haɗe, sama da 15,000, kamfanin Monotype na Ingila ya zuba su cikin kwamfuta. Ya kira shi Nuri Nasta'aliƙ don tunawa da mahaifinsa. Jaridar Jang ce ta fara aiki da shi a bugunta na Lahor a wannan shekara.

Jaridu suka sami sauri, amma fa sana'ar katibai ta durƙushe, da yawansu suka koma rubuta allunan shaguna da katin gayyatar biki. Har ila yau, da intanet ta zo, tilas aka riƙa rubuta Urdu da naskh, abin da masu harshen da dama suka ɗauka asara ce. Sai a 2017 kamfanin Apple ya sa nasta'aliƙ cikin wayoyinsa, kimanin ƙarni shida bayan zamanin Mir Ali.