Majami'ar Magnus Mai Tsarki a Bakin Kogin Tems

Karatu: Haggai 2:1-9

'Yan'uwa cikin Almasihu, yau za mu duba tarihin wata tsohuwar majami'a a birnin Landan, ƙasar Ingila, wadda ake kira Majami'ar Magnus Mai Tsarki. Tana bakin Kogin Tems ta hannun arewa. Masu bi sun fi shekara 800 suna sujada a wurin. Magnus da suke tunawa da shi sarki ne na tsibiran Orkney, wanda wani ɗan'uwansa ya sa aka kashe shi saboda sarauta wajen shekara ta 1117. An ce ya mutu yana yi wa masu kisansa addu'a.

Abin da ya ɗaukaka wannan majami'a shi ne gada. A 1209 aka gama gadar dutse ta Landan, kuma har 1750 babu wata gada a cikin birnin sai ita. Majami'ar tana daidai inda gadar ta sauka. Duk mai shigowa birni daga kudu, ko ɗan kasuwa ko baƙo, sai ya wuce ta ƙofarta. Kusa da ita kuma akwai kasuwar kifi ta Billingsgate, saboda haka masu sayar da kifi suna da yawa cikin 'yan ikkilisiyar.

Daga 1564 zuwa 1566 mai kula da ikkilisiyar shi ne Miles Coverdale. Ta hannunsa aka fara buga Littafi Mai Tsarki dukansa cikin Turanci, a 1535. Ya sha gudun hijira saboda bangaskiyarsa. Ya rasu a 1569, a 1840 kuma aka kawo ƙasusuwansa wannan majami'a. Burinsa shi ne talaka ya ji Maganar Allah da harshen da uwarsa ta yi masa magana. Wannan buri ne ya kai ga su Dokta Walter Miller, har aka buga Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932.

Hausawa sun ce gobara daga kogi, maganinta Allah. Ranar Lahadi 2 ga Satumba, 1666, wuta ta tashi a wani gidan burodi a layin Pudding, 'yar tafiya kaɗan daga majami'ar. Ga ruwa a gindinta, amma bai cece ta ba. Tana cikin majami'u na farko da suka ƙone. Kafin wutar ta mutu ta cinye gidaje wajen 13,200 da majami'u 87.

'Yan ikkilisiya ba su watse ba. A 1671 aka soma sabon gini ƙarƙashin Christopher Wren, wanda ya zana babbar Majami'ar Bulus Mai Tsarki ta Landan. Zuwa 1676 an ci ƙarfin aikin. Hasumiyar kuwa sai tsakanin 1703 da 1706 aka ƙarasa ta, tsawonta ƙafa 185. Ashe shekara 40 ke nan daga gobara zuwa gamawa. Da yawa cikin waɗanda suka ba da kuɗi da fari ba su ga ƙarshen aikin ba.

In ka shiga ciki za ka ga dogayen ginshiƙai jere biyu, an shafe su da fari da ruwan zinariya. Rufin tsakiya ya lanƙwasa kamar bakan gizo irin na sorayen sarakuna, da ƙananan tagogi a sama masu sako haske. Bagade da mumbari na katako ne mai duhu da aka sassaƙa. A jikin hasumiya akwai babban agogo da ya miƙo kan hanya, kyautar Charles Duncombe a 1709, domin masu ƙetare gada su san lokaci.

Daga baya jama'a suka yi wa gadar yawa. Aka rushe gidajen da ke kanta, aka faɗaɗa ta, sai aka tarar majami'ar ta tsaya a kan hanyar masu tafiya da ƙafa. Wajen 1762 aka yanke gefen ginin na yamma, aka buɗe gindin hasumiya ta gefe biyu, mutane suka riƙa bi ta ƙarƙashinta. Ɗakin sujada ya ragu domin maƙwabta su sami hanya. A 1782 kuma aka rage tagogin arewa suka koma ƙanana masu da'ira, saboda ƙarar amalanke da hayaniyar kasuwa suna hana jin wa'azi.

A 1831 aka buɗe sabuwar gada can gaba kaɗan wajen yamma, aka rushe tsohuwar. Taron da ke wucewa ta ƙofar ya koma wani wuri. A 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bam ya farfasa tagoginta, aka sāke gyarawa. Yau dogayen gine-ginen ofisoshi sun kewaye ta, duwatsun tsohuwar gada suna kwance a farfajiyarta, amma har yanzu ana taruwa a ciki ana sujada.

A zamanin annabi Haggai, dattawan da suka ga haikali na fari sun raina na biyu. Ubangiji bai ce su zauna suna kukan abin da ya wuce ba. Ya umarce su su ƙarfafa su yi aiki, gama yana tare da su.

'Yan'uwa, waɗansunmu sun tsaya a kan tokar majami'arsu, waɗansu kuwa sun shekara goma suna gini bai kai rufi ba. Kada mu karai. Amma mu tambayi kanmu: in unguwarmu ta bukaci hanya, ko rijiya, ko ajin yara, za mu yarda a taɓa katangarmu? Gini bawa ne na Bishara. Allah ya ba mu zuciyar sāke ginawa, da zuciyar buɗe hanya. Amin.