Kano Daga Sama, Kano Daga Bakin Zaure

A shekarar 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya ratsa ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya hau Dutsen Dala ya zana birnin Kano. Zanen ya fito a littafin tafiyarsa, kuma ta nan Turai ta daɗe tana kallonmu: soraye birjik, da dabino jefi-jefi. Bayan shekara 80, tsakanin 1930 da 1931, Walter Mittelholzer, matuƙin jirgi ɗan ƙasar Suwizalan, ya ɗauki hotunan birnin daga sararin sama. Samarinmu masu tayar da ƙaramin jirgi marar matuƙi a yau gadon wannan kallo suka ci, ko sun sani ko ba su sani ba.

Sai dai maginan Kano ba don mai leƙe daga sama suka yi aikinsu ba. Don mai tafiya a ƙasa suka yi shi, wanda zai karya kwanar lungu, zaure ya tsaya masa a gaba. A fuskar zauren nan maigida yake zuba dukiyarsa: zane mai tudu da kwari, da dagi, da zankaye masu tsini a saman soro. Da ka shiga kuwa, ƙofar ciki ba ta fuskantar ta waje, don kada idon baƙo ya zarce cikin gida. Wato ginin da kansa ya riga ya yanke abin da za a gani da abin da za a sakaya. Mai kyamara ya kiyaye wannan iyaka, ya yi sallama, ya nemi izini.

Abin da makarantun hoto ke koyarwa game da daidaito da maimaici da layi, magina sun ajiye shi a bango tun tuni. Azara ba ta iya ɗaukar rufin ƙasa a tazarar da ta wuce kusan mita 2, saboda haka aka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga domin a faɗaɗa ɗaki. Shiga Gidan Makama ka ɗaga kai: layukan da ke haɗuwa a tsakiyar rufi su ne nauyin ginin, su ne kuma za su ja idon mai kallon hotonka. Zanen bango kuwa inuwa ce ke fito da shi. Da tsakar rana yakan kwanta lakadan. Kafin hantsi ko bayan la'asar, idan haske ya bugo ta gefe, sai kowane tudu ya tashi. A ganina, hazon hunturu da masu hoto ke ƙorafi a kansa ya fi kowane yanayi fito da jan ƙasar Kano.

Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ya fara ganuwa a wajejen ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta. A 2007 ta shiga jerin wucin gadi na wuraren tarihi na UNESCO. Shekara 3 kacal bayan haka, a 2010, aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka gina sabuwa. Duk mai son sanin kaurin tsohuwar da faɗin mashigarta, sai ya nemi tsohon hoto, kuma wanda aka ɗauka a tsaye a gabanta ne zai amfane shi.

Shi ya sa idan na fita cikin birni nake sa mutum a gefen bango don a gane tsayinsa, in ɗauki fuskar gidan sak, sannan indararo da zanko daban. A ƙarƙashin kowane hoto ina rubuta unguwa da kwanan wata, da sunan maginin idan dattawan da ke zaune a dakali sun tuna shi.