Daga Idon Sufeto Zuwa Idon Malami: Tarihin Bitar Kai Bayan Darasin Hausa, Tare da Misali Daga Jalingo

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami malamin da bai saba da sa hannun hedimasta a ƙarshen shirin darasinsa ba. Abin da bai zama jiki ba tukuna shi ne malami ya zauna bayan an tashi, ya tambayi kansa abin da ya shiga kunnen yara da abin da ya wuce su. A wannan maƙala za mu bi sawun yadda hukuncin darasi ya taso daga hannun mai duba malami ya nufo hannun malamin kansa, da dalilin da ya sa gari irin Jalingo ya fi buƙatar hakan.

2.0 Zamanin Sufeto

Tun daga makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, har zuwa Kwalejin Katsina ta 1921, an gina horon malamai a Arewa kan sa ido daga waje. Malami ya tsara darasi, na gaba da shi ya duba, sufeto ya zo ya rubuta rahoto. Tsarin ya yi aiki muddin makarantu ba su da yawa. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, UPE, a 1976, sai ajujuwa suka fi ƙarfin masu duba su. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin horar da ɗimbin malaman da aka ɗauka cikin gaggawa.

3.0 Juyawar Akala

A Amurka, John Dewey ya daɗe da nuna cewa gogewa ba ta zama ilimi sai an yi tunani a kanta. A 1963 Jami'ar Stanford ta fito da ƙaramar koyarwar gwaji, inda ɗalibin malanta kan koyar na 'yan mintoci, a tattauna, ya sake. A 1983 kuma Donald Schön ya bambance tunanin da ake yi ana tsakiyar aiki da wanda ake yi bayan an gama. Kwalejojin iliminmu sun karɓi koyarwar gwajin, kuma daga 2006 shirin SMASE ya koya wa malaman lissafi da kimiyya su tsara, su aiwatar, su duba, sannan su gyara. Malamin harshe ne aka bari a baya, alhali kalmar muhasaba ta daɗe a bakin malaman zaure.

4.0 Misalin Jalingo

Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa Jalingo a 1893, garin kuma ya zama babban birnin Jihar Taraba a 1991. A unguwa irin Sarkin Dawaki, aji guda kan haɗa Bafulatani da Bamumuye da Bajukune da Bahaushe, duk suna wasa da Hausa. Manufar ilimi ta 1981 ta raba Hausa a matsayin harshen uwa da Hausa a matsayin harshe na biyu, amma wannan aji bai faɗa ɗaya daga cikinsu ba.

A nan gizo ke saƙar. Sufeton da ya leƙo na rabin sa'a zai ji yara na zuba Hausa, ya rubuta cewa darasi ya yi armashi. Malamin da ya kwana da littattafansu ne kaɗai zai lura cewa yaro ya rubuta "mace ya zo", domin Hausar cuɗanya ba ta damu da jinsi ba. Shi ne zai gane cewa mai Fulatanci ba ya tuntuɓe a ɓ da ɗ, tun da harshensa na da su, amma ƙ da ts na ba shi wuya. In bai tsaya ya yi bita ba, kuskuren zai raka yaron har zauren jarrabawa.

5.0 Kammalawa

Muna ba masu tsara manhaja shawarar a ware gurbi a ƙarshen kowane shirin darasi mai tambayoyi uku: wane ne bai gane ba, wane harshe yake yi a gida, me za a sauya gobe? A koyar da cika gurbin tun a kwalejin ilimi. Kada kuma a mayar da shi ma'aunin ƙarin girma, domin ranar da aka fara ba shi maki, malami zai koma rubuta abin da zai faranta wa sufeto rai.