Yadda Feshin Man Dizal Ke Samuwa a Cikin Inji

Injin dizal, wanda muka fi sani da injin gas, shi ne ke tafiyar da manyan motoci da taraktoci da injinan niƙa da manyan janaretoci. Ya samo sunansa daga Rudolf Diesel, injiniyan Jamus wanda injinsa ya yi aiki sosai a shekarar 1897 a birnin Augsburg. Ba kamar injin fetur ba, shi ba ya da fulogi mai ba da tartsatsi. Fistan ne ke matse iska a cikin silinda har zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyos, sannan a fesa mai a cikinta ya kama da kansa. Saboda haka ƙarfin inji da yawan man da yake sha da irin hayaƙinsa duk sun rataya a kan kyawun wannan feshi.

Man yana fitowa ne ta bakin nozul, wanda a injinan zamani ke da huji kamar 6 zuwa 10, faɗin kowanne tsakanin milimita 0.1 da 0.2. Ana tura shi da matsi mai tsanani. Tsarin da ke tara mai a bututu guda yana rarraba wa dukkan nozul, wanda ya shigo ƙananan motoci a 1997, ya fara da matsin bar 1,350. A yau akwai masu haura bar 2,000, wato kusan ninki 1,000 na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Da irin wannan matsi man kan fita da gudun ɗaruruwan mitoci a daƙiƙa guda.

Tarwatsewar man tana farawa tun bai fito ba. Yayin da yake karya kwana zai shiga hujin, matsinsa kan faɗi ƙwarai a gefen bakin, sai ƙananan kumfa na tururi su taso. Wannan kumfa da hargitsewar gudun man su ke yayyaga shi da zarar ya fito, ya zama zare-zare da manyan ɗigo. Daga nan sai ya ci karo da matsattsiyar iska, ita kuma ta sake farfasa ɗigon har su koma ƙanana ƙwarai, da yawansu ba su kai rubu'in kaurin gashin kai ba. Feshin kan buɗe kamar mazurari, yana jan iska mai zafi cikinsa. Kafin ya yi nisan 'yan santimitoci ruwan ya ƙare, saura tururi, kuma tururin ne ke kamawa bayan jinkirin da bai cika wuce kashi 1 ko 2 cikin 1,000 na daƙiƙa ba.

A nan ne masu ƙera inji ke shan wahala. Idan feshin ya yi nisa da yawa, man zai jiƙa bangon silinda ko kan fistan, ya ƙi ƙonewa. Idan ya gaza, iskar da ke gefe ta tafi a banza. A tsakiyar feshin, inda mai ya fi iska yawa, kunkunniya ke samuwa. A gefensa kuwa, inda wuta ta fi zafi, ake samun iskar naitirojin okzayid mai cutar da huhu. Sau da yawa rage ɗaya kan ƙara ɗayan. Don haka injinan yau suke raba feshin kashi-kashi: ɗan kaɗan da farko don rage ƙarar inji, sai babban feshi, wani lokaci kuma a ƙara kaɗan a ƙarshe don ƙone ragowar kunkunniya.

A ganinmu, abin da ya fi shafar masu injuna a nan shi ne tsabtar mai. Ƙura, musamman a lokacin hunturu, da ruwan da ke kwanciya a gindin duro, suna cinye bakin hujin ko su toshe shi, sai nozul ya koma tsiyaya maimakon feshi. Gauraya dizal da kananzir kuma yana rage masa santsin da famfo da nozul ke buƙata. Alamomin su ne baƙin hayaƙi, ko fari idan man bai kama ba, da wahalar tashi da safe, da ƙarin shan mai. Muna shawartar direbobi da masu taraktoci su riƙa canza matatar mai a kan lokaci, su kuma kai nozul wurin makanikin da ke da na'urar gwaji. Kada kowa ya tara hannu a gaban nozul yayin gwaji, domin feshin yana huda fata.