Kafin Mu Yi Murnar Man Kolmani, Mu Tuna Da Oloibiri

Jiya a majalisa aka tayar da zancen man Kolmani, wanda Buhari ya ƙaddamar da haƙarsa a iyakar Bauchi da Gombe a Nuwamban 2022. Wani abokina ya ce ai da an fara fitar da shi Arewa ta yi sallama da talauci. Na tambaye shi ko ya san Oloibiri, ya ce bai taɓa ji ba. To ga labarin.

Oloibiri gari ne a ƙaramar hukumar Ogbia, jihar Bayelsa ta yanzu. A nan Shell ya fara samun ɗanyen man da ya isa a sayar a Najeriya, a Janairun 1956. A 1958 aka soma fitar da shi waje, ganga 5,100 a kullum, kowace ganga lita 159. Kafin shekarun 1970 su ƙare rijiyoyin suka ja baya, aka rufe su, kamfani ya ƙara gaba. Har yau in ana maganar cin moriyar ganga a yada kaurenta, Oloibiri ake kawowa misali.

Me ya sa duniya ta yi rububin manmu? Ɗanyen mai ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai kauri, akwai mai tsinkewa. Yawancin namu mai tsinkewa ne, kuma farar wutar cikinsa kaɗan ce, don haka matata na samun fetur, kananzir, dizal da man jirgi ba tare da wahala ba. Mai kaurin shi ke ba da kwalta da man inji, shi ya sa matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 aka yi mata sashen tace mai kauri da ake shigowa da shi daga waje.

Amma abin da ke kawo kuɗin shi ke kawo ɓarnar. Ɗanyen mai bai kai ruwa nauyi ba, in bututu ya fashe sai ya shimfiɗu a kan kogi, kifi ya mutu. In a gona ne, ƙasa ta shanye shi har ya kai ga ruwan rijiya. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta binciki ƙasar Ogoni, ta ce gyaran ɓarnar zai iya cin shekara 25 zuwa 30. A wani gari ta tarar da sinadarin benzin, mai jawo cutar daji, a ruwan sha ya ninka ƙa'ida sau 900.

Mu kuma a Alkaleri da Akko noma da kiwo ne abincinmu. Wallahi mai yana ƙarewa, gona ce ke zama.

Ba cewa nake kada a haƙa ba. Dokar man fetur ta 2021 ta wajabta wa kamfani zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsa a asusun garuruwan da yake haƙa. Wa zai riƙe asusun? An auna ruwan rijiyoyinmu tun yanzu, don a sami shaida gobe? In mai ya malala, wa zai biya manomi? Sarakunanmu da 'yan majalisarmu su nemi amsa a rubuce, tun kafin ganga ta farko ta fita.

Allah Ya sa arzikin ya zame mana alheri.